Tsofaffin Bawul da Daɗin Sauti: Tsakanin Kunne, Mita da Kasuwa



Mai girma shugaban wannan zama, shugabannin da suka shirya taron nan suka kuma gayyace ni, iyayenmu dattawan sana'ar gyaran rediyo da nake hange a sahun gaba, malamai da ɗaliban fannin lantarki, 'yan uwa maza da mata masu sha'awar sauti mai kyau, barkanmu da warhaka. Allah ya saka wa masu masaukinmu da alheri, ya sa mu tashi da abin da zai amfane mu.

An ɗora mini in yi magana a kan tsofaffin bawul, waɗannan 'yan kwalabe masu jan wuta a ciki da ake gani a bayan rediyon da, da yadda ake kwatanta su wajen daɗin sauti a amfilifayar gida. Wani zai ce, a zamanin da wayar hannu ke ɗauke da dubban waƙoƙi, me ya kai mu tonon kayan da aka yi wa sallama tun shekarun 1970? To, ba a yi musu sallama ba. Har gobe ana ƙera su, ana kuma farautar na da a Japan da Turai da Amurka, har ta kai ƙwaya ɗaya da aka yi a ƙarshen shekarun 1950 tana ninka kuɗin sabuwa sau goma ko fiye. Duk inda kuɗi ya shiga haka, wajibi ne a tambayi abin da ake saya.

Bari in faɗi matsayina tun daga farko. Tsofaffin bawul suna da bambanci na gaske, kuma aikin da aka yi wajen ƙera su ya cancanci girmamawa. Amma sunan da ke jikin kwalba shi ne na ƙarshe a jerin abubuwan da ke yanke hukuncin sautin da zai iso kunnenka. Zan kafa hujjata a kan abubuwa bakwai.

Na farko: me ke faruwa a cikin kwalbar?

A 1904 wani Baturen Ingila, John Ambrose Fleming, ya ƙera bawul na farko mai sassa biyu. A 1906 Lee De Forest na Amurka ya ƙara masa sashi na uku, wata 'yar raga ta siririyar waya, kuma daga wannan raga aka sami duk abin da muke kira ƙara sauti. Ga yadda abin yake. An zuƙe iskar da ke cikin kwalbar. A tsakiya akwai katod, wanda zaren wuta ke gasawa har ya kusa digiri 800, sai ya riƙa sakin ƙwayoyin lantarki. A kewaye akwai faranti mai ɗauke da bolt ɗari biyu zuwa ɗari biyar, yana janyo su. Raga tana tsakaninsu. Ɗan ƙaramin sautin da ya fito daga faifai ko makirufo shi ake ɗorawa a kan ragar, ita kuma ta ƙara ko ta rage yawan ƙwayoyin da ke wucewa. Kamar mai lambu ne a fadama: ruwa na gudu da ƙarfinsa, shi kuwa da bakin fartanya yake buɗe masa hanya ko ya tare shi. Ƙarfin na ruwa ne, iko na mai fartanya.

Me ya sa na fara da wannan? Domin ku ga cewa tazarar da ke tsakanin raga da katod ba ta kai kaurin 'yan gashin kai ba a ƙananan bawul, kuma hannun ɗan Adam ne ke harhaɗa sassan, galibi mata a manyan masana'antu. Ƙaramin kuskure wajen naɗa ragar, ko wajen shafa sinadarin katod, ko wajen zuƙe iska, zai canja halin bawul. Saboda haka ba a taɓa samun biyu da suka yi daidai ɗari bisa ɗari ba, ko da a rana ɗaya aka yi su. Ku riƙe wannan, za mu koma kansa.

Na biyu: daga ina "sautin bawul" yake fitowa?

An ƙirƙiro taransista a 1947 a ɗakin binciken Bell na Amurka, kuma cikin shekara ashirin da wani abu ta kori bawul daga yawancin gidaje. Ba ta zafi sosai, ba ta fashewa, ga araha. To, me ya sa wasu suka ƙi rabuwa da bawul? Dalilai uku ne da mita za ta iya tabbatarwa.

Dalili na ɗaya shi ne irin jirkitar da bawul ke yi wa sauti. Babu na'urar da ke fitar da sauti yadda ya shiga ba ƙari. Bawul mai sassa uku, idan shi kaɗai ke aiki, yakan ƙara wa sauti ninkinsa na biyu: idan ka ba shi sauti mai kaɗawa 440 a daƙiƙa, sai ya haɗo maka da ɗan kaɗan na 880. Wannan ninki ya dace da asalin sautin, kunne ba ya ƙyamarsa, yakan ma ji shi a matsayin cika da taushi. Dalili na biyu, idan aka matsa wa bawul fiye da ƙarfinsa, a hankali yake gazawa, ba ya yanke kan sauti farat ɗaya yadda taransista ke yi. Wani injiniya mai suna Russell Hamm ya yi rubutu a kan haka a 1973, kuma har yau ana komawa ga rubutun nasa.

Dalili na uku shi ne wanda aka fi mantawa, alhali ya fi sauran tasiri. Galibi bawul ba ya iya tura sifika kai tsaye, sai ta hanyar taransifomar fitarwa. Sifikar da aka rubuta wa om 8 ba ta zama a kan 8 ba: a wani sauti tana sauka zuwa 5, a wani ta haura 30. Amfilifayar taransista ba ta damu da wannan hawa da sauka ba. Amma amfilifayar bawul, musamman marar da'irar gyara, tana bin sifikar, har a sami bambancin desibel biyu ko uku tsakanin wani sashen sauti da wani. Wannan ba ɗan abu ba ne, kowa a ɗakin nan zai ji shi. Kun ga ke nan amfilifaya ɗaya za ta yi daɗi da wannan sifika, ta yi nauyi da waccan, alhali ba a taɓa bawul ko ɗaya ba.

Na ambaci da'irar gyara, bari in fayyace. Dabara ce da Harold Black ya gano a 1927: a ɗebo kaɗan daga sautin da ya fita, a mayar da shi mashiga a juye, domin na'urar ta gyara kuskurenta da kanta. Shahararrun amfilifayoyin gida na da sun yi amfani da ita. Harold Leak a Ingila ya kai jirkitar sauti ƙasa zuwa kashi 0.1 cikin 100 tun 1945. Tsarin Williamson da aka buga a mujallar Wireless World a 1947 ma haka. Wato injiniyoyin wancan zamani ba "ɗumin bawul" suke nema ba, gaskiyar sauti suke nema. Kuma da'irar gyara, ita ce ke shafe yawancin bambancin da ke tsakanin wannan bawul da wancan.

Na uku: manyan bawul da gidajensu

Yanzu mu zo kan kwatance. Bambanci mafi girma yana tsakanin nau'i da nau'i, ba tsakanin kamfani da kamfani ba.

Mu fara da 300B na kamfanin Western Electric, wanda ya fito a 1938, aka yi ta amfani da shi a na'urorin sautin gidajen silima. Sassa uku gare shi, kuma yana cikin bawul mafi miƙewar hali da aka taɓa yi, shi ya sa ake iya aiki da shi ba tare da da'irar gyara ba. Masu sauraro a Japan ne suka farfaɗo da darajarsa bayan Amurkawa sun juya masa baya. Masoyansa suna yabonsa wajen fitar da muryar mutum da kayan kiɗa masu tsirkiya, ni ma ina tare da su a kan haka. Amma wat nawa yake bayarwa? Kusan 8 kacal idan shi kaɗai ne. Ɗan uwansa 2A3 ma bai kai 4 ba. Idan ba ka da sifika mai saurin amsawa, irin mai desibel 95 zuwa sama, ka sayi wahala da kuɗinka.

Sai gidan 6L6, wanda RCA ta fitar a 1936, da takwaransa na Ingila KT66 da ya biyo baya a 1937. KT66 shi ne zuciyar tsarin Williamson da kuma Quad II ta Peter Walker, wadda ta fito a 1953 da wat 15. Ana siffanta wannan gida da tsabtar sauti da faɗi.

Sai EL34 na Philips da Mullard. Shi ke cikin Dynaco ST-70 ta David Hafler, wadda ta fito a 1959 da wat 35 kowane ɓangare, aka sayar da fiye da dubu ɗari uku. Shi ke cikin Marantz 8B. Masu saurare suna cewa tsakiyar sautinsa, inda murya take, tana da zaƙi. Ƙanensa EL84 ba ya ɗaukar fiye da wat 12 na zafi a farantinsa, amma Leak Stereo 20 ta 1958, mai wat 10 kowane ɓangare, har yau ana neman ta ruwa a jallo. Ga ɗaki madaidaici, ni ban san abin da ya fi EL84 dacewa da aljihu da kunne ba.

Na ƙarshe su ne ƙarfafa, 6550 na Tung-Sol da KT88 na GEC, 'yan tsakiyar shekarun 1950. McIntosh MC275 ta 1961 tana fitar da wat 75 kowane ɓangare da KT88 huɗu. Nan ne ake samun kaurin sauti mai ƙarfi da riƙon sifika.

Amma ku lura da wani abu. Duk lokacin da na yabi bawul, sai na haɗa shi da sunan amfilifaya. Me ya sa? Domin wanda ya ce ya ji sautin KT88, a gaskiya sautin McIntosh ya ji, da taransifomarta ta musamman da tsarin da'irarta. Ɗauki EL34 guda: a haɗa shi a matsayin mai sassa biyar, ko a matsayin mai sassa uku, ko a tsarin tsaka-tsaki da Hafler da Keroes suka yaɗa a 1951, za ka ji sauti iri uku daga kwalba ɗaya. To, wanne ne sautin EL34 a ciki?

Gargaɗi ga ɗalibai: kada ku ga ƙafafu takwas iri ɗaya ku ɗauka ana musanya su. Zaren wutar 6L6 amfiya 0.9 yake ci, na EL34 yana cin 1.5. Ku ninka wannan sau huɗu, ku ga nauyin da za ku ɗora wa taransifomar da ba a yi ta don haka ba. Haka bawul mai miƙe wuta: GZ34 amfiya 1.9 yake ci, 5U4G kuwa 3, kuma ya fi shi zubar da bolt.

Na huɗu: ƙananan bawul da sunayen masana'antu

Nan ne gardama ta fi zafi. Ɗan ƙaramin bawul ɗin nan 12AX7, wanda Turawan Turai ke kira ECC83, RCA ce ta fitar da shi a 1947. Yana iya ninka sauti har sau 100. 'Yan uwansa su ne 12AT7 mai ninki 60 da 12AU7 mai ninki kusan 20. Kusan kowace babbar masana'anta ta ƙera su, kuma masu sha'awa sun ba kowace irin halinta. Na Mullard da aka yi a garin Blackburn na Ingila, an ce yana da ɗumi da cikar tsakiya. Na Telefunken ta Jamus, musamman mai santsin faranti, an ce yana da daidaito da tsabta. Na Amperex da aka yi a Heerlen ta ƙasar Holan, mai hoton ɗan bawul yana busa ƙaho, an ce yana da haske da sarari. Na RCA mai baƙin faranti, an ce yana da kauri.

Shin ƙarya ake yi? Ban ce ba. Tsawon faranti ya bambanta, akwai mai milimita 17, akwai mai 14. Ƙarfen ya bambanta, matsewar sassa ta bambanta. Waɗannan suna shafar abubuwa uku da ake iya aunawa: yawan shuuu da bawul ke yi shi kaɗai, yadda yake ɗaukar girgiza ya mayar da ita sauti kamar makirufo, da kuma ainihin ninkin da yake bayarwa. Dogon faranti, alal misali, ya fi saurin ɗaukar girgiza. A matakin farko na na'urar faifai, inda sautin da ke fitowa daga allura bai wuce kashi biyar cikin dubu na bolt ɗaya ba, bawul marar hayaniya ni'ima ne, kuma a nan tsofaffin Telefunken da Mullard masu lafiya sun cancanci yabon da ake musu. An yi su a lokacin da sojoji da gidajen rediyo da kamfanonin tarho ke saye da miliyoyi, suna kuma mayar da duk wanda bai cika sharaɗi ba. Akwai irin su E88CC da aka yi wa alkawarin awa 10,000 na aiki.

Amma ga tambayoyi biyu. Ta farko: kun san cewa Philips ce ta mallaki Mullard tun 1927, kuma a zamanin ƙera waɗannan bawul ita ce uwar Amperex da Valvo ta Hamburg? Masana'antun nan sun riƙa yi wa juna aiki. Sai ka ga bawul da tambarin Amperex, alhali a Blackburn aka yi shi. Gaskiyar tana cikin 'yan haruffan da aka ƙona da sinadari a gindin kwalbar: harafin B na Blackburn, alamar kusurwa uku ta Heerlen, harafin D na Hamburg. To, wanda ya rantse ya ji "hasken Holan" a bawul ɗin da aka yi a Ingila, me ya ji?

Ta biyu: mun ce ba a samun biyu daidai. Bambancin da ke tsakanin bawul biyu na kamfani ɗaya yana iya kaiwa kashi 20 cikin 100 a awo. Ƙara da cewa ɗaya ya yi aikin shekara goma, ɗaya bai taɓa shan wuta ba. Idan ka kwatanta Mullard guda da Telefunken guda, ba masana'antu biyu ka kwatanta ba, kwalabe biyu ka kwatanta.

Na biyar: yaya ake kwatance na gaskiya?

Wannan shi ne ƙashin bayan laccar. Kunne abin dogaro ne, amma yana da rauni uku, kuma duk mai adalci sai ya yi musu tanadi.

Rauni na ɗaya: abin da ya fi ƙara, ko da ɗan kaɗan ne, kunne yakan ce ya fi daɗi. Bambancin rabin desibel ba a jin sa a matsayin ƙara, ana jin sa a matsayin "buɗewa" ko "rai". Tunda kowane bawul da ninkinsa, da zarar ka canja shi ka canja ƙara. Maganin: sa sauti mai kaɗawa 1,000, ɗora mita a bakin wayoyin sifika, daidaita bolt ɗin har bambancin ya zama bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Kafin ka yi haka, duk hukuncin da ka yanke na ƙara ne, ba na inganci ba.

Rauni na biyu: kunne ba ya riƙe ainihin launin sauti fiye da 'yan daƙiƙoƙi. Canja bawul kuwa sai ka kashe, ka jira ya huce, ka cire, ka sa wani, ka jira ya yi ɗumi. Minti ashirin sun tafi. Da me kake kwatantawa? Da tunanin abin da ka ji. Maganin: amfilifaya biyu iri ɗaya da makunnin sauyawa, ko a naɗi fitar kowane bawul a kwamfuta, a daidaita ƙara, a riƙa sauyawa nan take.

Rauni na uku: ido da zuciya suna yi wa kunne raɗa. Wanda ya biya kuɗi mai yawa, ya ga tambarin da yake mafarki, ya riga ya ji daɗin kafin a kunna. Wannan ba wauta ba ce, halittar ɗan Adam ce, kuma ba ta bar injiniya ko farfesa ba. Maganin: abokinka ya canja, ya rufe da kwali mai huji, ya rubuta a takarda, kai kuma ka faɗi wanne ne. A maimaita sau goma. Idan ka canka tara, bambancin gaskiya ne, ka saya da zuciya ɗaya. Idan biyar ka canka, ka tsira da kuɗinka.

Akwai abin da ya faru a 1985 da ya dace a sani. Wani injiniya Ba'amurke, Bob Carver, ya yi wa mujallar Stereophile alkawarin zai sa amfilifayarsa ta taransista ta yi sauti irin na duk wadda suka zaɓa. Suka zaɓi wata mai bawul, mai tsadar gaske, ta kamfanin Conrad-Johnson. Cikin 'yan kwanaki ya daidaita tasa, yana auna bambancin fitar biyun yana rage shi, har editocin suka kasa rarrabe su. Darasin ba wai bawul ba shi da sautinsa ba ne. Darasin shi ne sautin nan abu ne da ake aunawa, ba sihiri ba.

Wajen zaɓen abin saurare, ku ɗauki abin da kunnenku ya girma da shi. Wanda ya san amon kalangu a fili, ya san kukan kukuma da goge, ya san muryar Alhaji Mamman Shata ko kuntigin Ɗan Maraya Jos, ya fi iya gane gaskiyar na'ura da waɗannan fiye da kiɗan da bai taɓa ji a zahiri ba. Muryar mai karatu ita kaɗai, ba kiɗa, tana cikin gwaji mafi tsanani, domin babu sautin da kunne ya sani kamar muryar mutum.

Na shida: kasuwa

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Yawancin masana'antun Turai da Amurka sun rufe layukan ƙera waɗannan bawul tun wajen shekarun 1970 da 1980. Western Electric ma ta dakatar da 300B a 1988, sai a 1997 aka dawo da shi. Abin da ya rage na da kullum raguwa yake, kuɗinsa na hawa, masu jabu kuma suna ƙaruwa. Fenti ba wuyar bugawa gare shi ba. Abin da ke da wuyar kwaikwayo shi ne ginin ciki, da haruffan da aka ƙona, da alamar lu'ulu'u da Telefunken ke zubawa a cikin gilashin gindi tsakanin ƙafafu.

Ku duba tabon nan mai ƙyalli kamar azurfa a saman kwalba. Sinadari ne da ke shanye ragowar iska. Idan ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, bawul ya mutu. Amma ƙyallinsa ba shaidar lafiya ba ne. Shaida ita ce awo a na'urar gwaji irin su Hickok ko AVO. Lafiyayyen 12AX7, a bolt 250, ya kamata ya ja kusan miliamfiya 1.2. Mai sayarwa ya ba ka lambobi, ba siffofi ba. Manyan bawul kuwa sai an haɗa su biyu-biyu ko huɗu-huɗu masu ja iri ɗaya, a kuma daidaita bayas, wato bolt ɗin da ke zaune a kan raga, bayan an sa su.

Sannan ku sani, sunan Mullard da Tung-Sol da Genalex Gold Lion da kuke gani a sababbin kwalaye, wani kamfanin Amurka ne, New Sensor, ya mallaki sunayen, a garin Saratov na Rasha ake ƙera su. Ba jabu ba ne, kuma da yawansu suna da kyau, sai dai ba na Blackburn ba ne. Akwai JJ a Silobakiya, akwai masana'antun ƙasar Sin. Ƙarancin masu ƙerawa ya fito fili a watan Maris na 2022, lokacin da Rasha ta sa takunkumin fitar da wasu kayayyaki, kuɗin bawul ya yi tashin gwauron zabo a duniya.

Kada kuma ku raina na Tarayyar Sobiyet. A 1976, da matuƙin jirgin yaƙi Viktor Belenko ya gudu da MiG-25 zuwa Japan, masu bincike sun tarar da bawul a cikin na'urorinsa. Sobiyet ta daɗe tana ƙera su don soja bayan Yamma ta daina, shi ya sa suke da yawa da sauƙin kuɗi. 6P14P ɗinsu yana zama a gurbin EL84, yana kuma da juriya. Amma 6N2P, ko da yake ya yi kama da 12AX7, haɗin zaren wutarsa daban ne, sai an gyara waya.

Na bakwai: wutarmu da yanayinmu

Duk abin da na faɗa zai tashi a banza idan bawul ya mutu cikin wata uku. Galibi an ƙera zaren wutarsa don bolt 6.3, kuma bai son a kauce fiye da kashi 5 cikin 100. Ku da kuka san yadda wutarmu ke hawa da sauka, da yadda ƙaramin janareta ke wasa da bolt, kun san sitabilaiza mai kyau ta riga tsohon Mullard zama wajibi. Amfilifayar da aka yi don Amurka, bolt 117 take so a kan kaɗawa 60, mu kuwa muna kan 220 zuwa 230 a kaɗawa 50. Taransifomar rage wuta za ta gyara bolt, ba za ta gyara kaɗawa ba, don haka na'urar za ta fi zafi. Ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu da ke shiga ramukan ƙafafu. A ba ta sarari, a riƙa share ta, a rufe ta bayan ta huce.

Tsohuwar amfilifaya kuma, kafin a sa mata bawul mai tsada, a canja tsofaffin kafasitocinta. Kafasita ɗaya mai yoyo za ta tura wuta kan raga, faranti ya yi ja, bawul ya ƙone kana kallo. Idan kun ga faranti ya yi ja, ku kashe nan take. Kada a kunna ta ba sifika a haɗe, domin taransifomar fitarwa na iya lalacewa, ita kuwa ta fi bawul wuyar samu. Kuma 'ya'yana ɗalibai, ina roƙonku: bolt 400 zuwa 500 na iya zama a cikin kafasita bayan an cire filogi. Wannan wuta tana kisa. A sauke ta, a auna da mita, sannan a sa hannu.

Kammalawa

Jama'a, idan kuna da kuɗi kaɗan kuna son sauti mai kyau, ga jerin da nake ba da shawara a bi. Sifika da ɗakin da za ta zauna su ne farko. Sai amfilifaya mai taransifoma ta kirki da tsarin da ya dace da sifikar. Sai gyara da tsayayyiyar wuta. Sai bawul masu lafiya, waɗanda aka auna aka daidaita, ko na wane kamfani ne. Bayan duk wannan, idan da saura a aljihu, a nemi tsohon bawul guda ɗaya ko biyu don matakin farko, inda amfaninsa ya fi fitowa, a gwada shi ido a rufe. Wanda ya bi wannan tsari zai more aikin mutanen Blackburn da Heerlen yadda ya kamata a more shi, wanda ya juya tsarin kuwa zai kashe kuɗi mai yawa a kan gyara kaɗan.

Ina kuma kira ga matasanmu da su zauna da iyayenmu da ke sahun gaba. Su ne suka gyara Grundig da Philips da Pye da hannunsu a lokacin da bawul ne kaɗai ake da shi, kuma ilimin da ke kansu ba a rubuce yake ba. A je a koya tun suna da ƙarfin koyarwa.

 Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Yanzu fili naku ne: mai tambaya ya yi, mai gyara ya gyara, mai ƙarin bayani ya ƙara, kuma da izinin shugaba zan so mu fara jin ta bakin dattawa.